Ruwan da muka tare

Dogarawa, daren Laraba, tsakiyar damina, 1988

Na kasa cin tuwo. Da la'asar Baba Ila ya zo buro, wato ofishinmu, da karan dawa guda, busasshe, ya ajiye mini a kan tebur. Gonarsa tana ƙasa da madatsar duwatsun da muka gina a ƙorama. Tun zamanin kakansa ruwan da ke gangarowa daga tudu ke shayar da ita. Yanzu ruwan na kwance a sama, gonakin can sun yi kore shar, tasa tana ƙonewa.

Ni na yi tafinta bara, da aka kawo takardar amincewa da gina madatsar. Da bakina na ce masa, "Baba, dangwala yatsa, kowa zai amfana."

Yau na kai shi wurin injiniyanmu, Baturen Holanda. Ya saurara, sannan ya buɗe taswira ya nuna mini kalmar da ya rubuta da harshensu, "retentie". Wai daga Latin ta fito, ma'anarta riƙewa: ƙasa ta riƙe ruwa, kai ya riƙe karatu, har ciwon da fitsari ke ƙin fita haka likitocinsu ke kiransa. Ya ce madatsar tana aikinta daidai.

Baba Ila ya dube ni. "Ɗana, mi ya ce?"

Na ce, "Ya ce za a duba."

Ya sa mini albarka, ya tafi. Ba wanda zai duba, ni ma na sani. Karan yana nan gabana. Gobe kuma ni za a kai Tsarnawa, in gaya wa wasu tsofaffin kowa zai amfana.