Magen da Ba Ta da Kai

Asabar, 3 ga Mayu, 2025

Kwalin ya iso Kibiya a motar Kano, Yaya Munzali ne ya ba direba. Firinta ce, amma ba ta takarda ba. Zaren roba take narkarwa ta gina abu, shimfiɗa kan shimfiɗa. A wargaje ta zo: ƙarafa, notuna, wayoyi kamar hanjin kaza. Inna ta leƙo ta ce, "Ramlatu, a kan wannan tarkacen kika hana mu sakat?" Na yi kamar ban ji ba.

Ban faɗa wa kowa dalili ba. Tun da ɓarin jikin Baba Malam ya shanye, yatsunsa na dama ba sa riƙe alƙalami. Alƙur'anin da yake rubutawa da hannunsa ya tsaya a Suratu Maryam. Ni nake fiƙe masa alƙaluman gamba tun ina ƙarama, na san riƙonsa. Mariƙi zan yi masa, ya zauna a tafin hannu ya kama alƙalamin.

Litinin, 5 ga Mayu

Na ɗaura sandar saman firintar a baibai. Sai da na kwance komai. Na yi kuka, amma na haushi.

Talata, 6 ga Mayu

Ina kai ruwa zaure na ji Malam yana ce wa Malam Dalhatu, tsohon ɗalibinsa na garin Fassi, ya zo Juma'a ta sama ya karɓi takardun ya ƙarasa. "Hannu ya yi nasa," in ji shi.

Rubutun Dalhatu kamar kaji sun yi tono, amma ba shi ne damuwata ba. In takardun nan suka bar gidan nan, Malam kwanciya zai yi, ba zai ƙara tashi ba. Na san shi. Tsoro nake ji.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ta tashi! Na daidaita farantin gilashin da takarda, bakin ya yi zafi, roba ta fito. Don gwaji na danna abin da ya zo a cikin memorinta, ban ma duba mene ne ba. Na tafi sallar la'asar, daga nan Inna ta riƙe ni a murhu.

Da na dawo, Malam ne tsaye a ƙofar ɗakina da sandarsa. A kan farantin ga ƙafafu huɗu, ga wutsiya, ga ciki. Mage. Innalillahi! An ɗauke wuta kafin ta kai ga kan.

"Sura a gidana, Ramlatu?"

Na ce wallahi ban sani ba, haka masu ita suka sa.

"Abin da zai ƙera mai rai ba a tambaye ki ba, ba zai zauna a nan ba. Kafin Dalhatu ya zo a fitar da ita."

Bai ɗaga murya ba. Gara ma a ce ya ɗaga.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na goge magen daga memori, ta farantin na wurga a shara. Duk duniya a rasa abin gwaji sai mage? Cokali fa? Kofi fa?

Lahadi, 11 ga Mayu

Na jona firintar da batirin solarmu, kada wuta ta sake yi mini tsiya. Na yanka kwalinta na rufe ta, don iskar taga tana sanyaya robar. Duk da haka mariƙin ya ƙi zama. Da ya fara tashi sai ya ɓalle daga gilashin, in tarar da tulin taliya.

Inna ta gane. Ta ce in faɗa masa gaskiya mana. Haba Inna! Mutumin da ko takalmi ba ya bari a sa masa? Da ya ji don shi ne, ranar zai sa a fitar da ita.

Talata, 13 ga Mayu

Ƙaro! Ina shara na ga gwangwanin ƙaron da Malam yake haɗa tawada da shi, ba a taɓa ba tun ciwon. Na jiƙa kaɗan na shafa wa gilashin. Ya kama gam.

Sata ce? Ban sani ba. Inna kuma ta auno mini tafinsa da zare tana shafa masa man zafi. Ta ce ya bi ta da kallo.

Alhamis, 15 ga Mayu

Mariƙin farko ya tsage wajen cirewa, na biyu ya fito. Na fiƙe sabon alƙalami na sa a ciki, bayan azahar na ajiye a kan buzunsa kusa da tawada.

Ya daɗe yana kallo. "Wannan ma ita ta yi?"

Na ce ita ce.

"To, ba shi da rai dai."

Wasa ne ko faɗa, oho. Bai taɓa ba. Gobe Dalhatu.

Juma'a, 16 ga Mayu

Dalhatu ya zo bayan masallaci, ya ci tuwo, ya hau babur ɗinsa hannu wofi. Inna ta ce Malam ya ce masa sai bayan babbar salla a gani.

Da yamma ya kira ni zaure. Layi ɗaya ya rubuta. A karkace yake, tawada ta ɗiga a gefe. Ba rubutun da na sani ba ne, kuma ba zai koma ba. Tun farko na san haka, kawai ban so in rubuta a nan ba.

Ya miƙo mini mariƙin. "Yana cizon babban yatsa. Ki rage nan."

Na ce to, Baba.

Iskar hadari ta taso, takardun ba su tashi ba. Sai na ga abin da ya danne su da shi. Magen. Wa ya tsinto ta daga shara?

Ya ga ina kallo. "Ba ta da kai," ya ce. "Dutse ce kawai."

Bai yi maganar fitar da komai ba, ni ma ban tambaya ba. Ƙaron ya kusa ƙarewa. Gobe zan sayo mana.