Ƙafar Rabi Ba Tamu Ba Ce

Zuwa ga yayana Malam Isiyaku,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na sani sarai wannan takarda ba za ta iso hannunka ba, na kuma sani addu'a mamaci yake bukata, kuma ina yi maka ita bayan kowace salla. Amma tun tasowata ban taɓa yanke hukunci a kan babban al'amari ba sai na kawo maka shi. Yau babu kai, shi ya sa na zauna na rubuta.

Gida lafiya. An yanke dawa a 'Yandoto, gonarka ta yi kyau. Matarka Hadiza ta fita takaba. Inna tana nan da haƙurinta, sai dai har yanzu takan ɗaga kai idan ta ji ƙararrawar keke a ƙofar gida.

Sai Rabi, 'yarka da ka goya a bayan keke ranar nan za ka kai ta makaranta Tsafe. Ta rayu, Yaya. Ba ka san haka ba, domin ka cika tun kafin a ɗauke ku daga kan kwalta. Waɗanda suka gani sun ce shanyar masara ce aka baza a gefen titi, kamar yadda mutanenmu suka saba duk kaka. Ka ƙi taka abincin mutane, ka karkata zuwa tsakiya, sai ga motar haya daga Funtuwa tana ƙoƙarin wuce tirela. Ƙafar Rabi ta karye wuri biyu. Aka kai ta wurin mai ɗori, ƙashin ya haɗu a karkace. Likita a Gusau ya ce sai an yi mata aiki, in ba haka ba jan ƙafar za ta yi har ƙarshen rayuwarta. Ko shekara goma ba ta cika ba.

Ranar sadakar uku direban ya zo da mai motar da dattawan tasharsu, da goro da buhun hatsi. Baffa Umaru, ƙanen Baba, ya miƙe a zaure ya ce ƙaddara ce, an yafe duniya da lahira. Muna cikin gida muka ji kabbara. Babu wanda ya tambaye mu. Babu kuma wanda ya ambaci Rabi, tana kwance a ɗakin Inna da karare ɗaure a ƙafarta.

Ka san ni. Na shafe shekaru a Islamiyyar matan aure a Bungudu ina karantar da haƙuri da yafiya. Don haka da zuciyata ta ƙi natsuwa, kaina na fara tuhuma. Shin fushi ne ya sa rigar neman gaskiya? Shin ƙin yarda da ƙaddara ne? Na yi istihara, na yi azumi, abin bai gushe ba. Sai na tafi Gusau wurin wani tsohon alƙali na tambaye shi. Ya ce baligi yana iya yafe rabonsa na diyyarka, kuma yana da lada. Amma rabon marainiya, da haƙƙin raunin da ke jikinta, nata ne, waliyyi ba ya kyauta da abin da aka ba shi tsaro. Ya ƙara da cewa dokar ƙasa ma ta wajabta wa kowace mota inshora domin irin wannan, mai tafiya a ƙasa da mai keke suna da haƙƙin magani idan an buge su, ko da ba a ɗaure kowa ba.

Da na kai wa Baffa wannan magana, ya ce ina so in sayar da jininka, in mayar da shi ƙaramin mutum bayan ya yi magana gaban jama'a. Ya ce ranar da na taka kotu, kada in ƙara taka gidansa. Mutumin da ya tsaya a aurena ke nan, Yaya. Na yi kuka, amma ban janye ba.

Ba na ƙin direban. Na hango shi ta katanga, dattijo ne. Ban ma san yadda za a raba laifin ba. Nawa ne nasa, nawa ne na masu shanya, waɗanda 'yan'uwanmu ne, nawa ne na titin da bai bar wa mai keke ko taku ɗaya ba? Wannan aikin alƙali ne. Abin da na sani shi ne, idan Rabi ta girma ta tambaye ni wa ya yafe ƙafarta, ba ni da amsar da zan iya maimaitawa gaban Ubangiji.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Kai ka riƙa goya ni a keke zuwa makaranta lokacin da ake cewa karatun mace ya isa haka. Duk harafin da na sani, a bayanka na je na ɗauko shi. Bakina mai nauyi ne, ban gode maka ba. Na gode, Yaya.

Gobe in Allah ya yarda zan bi Hadiza da Rabi Gusau mu shigar da maganar a kotu. Rabona na jininka na yafe shi har zuciyata, na san da kai ne ma haka za ka yi. Idan na yi kuskure a sauran, Allah ya gafarta mini. Amma kai ka kauce wa masarar mutane har ka rasa ranka don kada ka taka abin da ba naka ba. Ta yaya ni zan taka haƙƙin 'yarka don in tsira da mutuncina a zauren Baffa?

Allah ya haskaka kabarinka, ya haɗa mu a inda babu rabuwa.

Ƙanwarka da ka goya,
Hajara, daga Bungudu