Lambar da Talha ya Ƙirƙiro

Maska.

Assalamu alaikum, Malam Aƙilu. Ina gaisuwa, ya iyali?

Malam, ranar da na zo Dayi ka yi mini dariya a gaban baƙi, don ban yi jami'a ba. To ga maganata a rubuce. Masu lissafi sun ƙirƙiro wata lamba, i, suka ce i sau i ya zama −1. Wahayi aka yi musu? Ni ma na ƙirƙiro tawa, j. Ita ba 1 ba ce, ba −1 ba, amma j sau j ya zama 1. Wa ya hana? Ka yi shekaru kana koyarwa, kawo hujja.

Wannan gardama ba ta shafi zuwan Kawu Maitama neman mini auren 'yarka Yasmin bayan an cire auduga ba.

Na gaishe ka,
Talha

Dayi.

Wa'alaikumus salam, ɗana.

Dariyar kuskurena ce, ka yafe. Ba wanda ya hana ƙirƙira. Amma ninka 1+j da 1−j. Sifili za ka samu, alhali ba sifili a cikinsu. Ta yaya za a yi rabawa a gidan lambarka?

Allah ya yi albarka,
Aƙilu

Maska.

Salam, Malam.

Wannan hujjar ba taka ba ce, na san bakinka. Wani ɗan hadda ka sa ya kwafo, irin masu kai kamar buhun dusa, a zuba a zazzage. Ka faɗa masa ya koma tallan gyaɗa. Ko rubutun nasa kamar kaza ta bi ta kan takarda.

Talha

Dayi.

Assalamu alaikum, Yaya Talha.

Idon Baba ya yi rauni tun damina, bai so a sani ba. Ni nake karanta masa wasiƙa, ni nake rubutawa. Hujjar tawa ce, a bayan kwalin sabulu na gwada ta. Na karanta masa taka da ƙarfi, Inna tana tsince shinkafa a gefe. Ban tsallake kazar ba.

Yasmin

Maska.

Assalamu alaikum, Yasmin.

Na ninka. Sifili ne. Wallahi tun kafin in yi zagin na ninka, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Jiya na taho a babur har kwanar gidanku, na hango Inna a ƙofa, na juya. Ki ba Malam haƙuri, ki ba Inna. Ke kam ban san da wane baki ba. In ce wa Kawu ya fasa?

Talha

Dayi.

Wa'alaikumus salam.

Baba ya ce lambarka ba ta mutu ba, a wasu wurare ne ba ta rabuwa, kuma kada Kawu ya fasa zuwa. Inna ta ce kai ka fara zuwa, a ƙasa, ba a babur ba.

Ni ba a tambaye ni ba tukuna. In an tambaye ni, a rubuce zan amsa. Ka iya karanta rubutun kaza?

Yasmin