Ranar Da Mahaifinka Ya Ƙi Wuƙata

Wonsan, 9 ga Fabrairu, 1929

Zuwa ga Hyeon-muk, sanyin idona, furen da ke riga sauran buɗewa tun ƙanƙara ba ta narke ba, inuwar da nake hutawa a cikinta ko da tana can Manchuriya,

Duk sunayen nan naka ne, kuma gaskiya ne, amma yau ina rubuta su ba na jin ɗanɗanonsu. Zuciyata ta zama kamar fadamar shinkafa a tsakiyar hunturu. Tana nan inda ka bar ta, sai dai ta daskare.

Wayar da mahaifiyarka ta buga ta riga ta gaya maka Baba, mahaifinka, ya rasu. Ba ta gaya maka a gabana ya rasu ba.

Ranar Talata da hantsi aka kawo shi asibitinmu na mishan, ƙabarsa ta murɗe, cikinsa ya kumbura. Babban likita ya tafi taro a birnin Seoul, sai Juma'a zai dawo. Ni kaɗai ce likitar da ta rage. Na taɓa yin irin wannan tiyata sau shida, duka shidan suna raye, sai dai duka mata ne. Na wanke hannu, na sa aka tafasa kayan aiki, na durƙusa na yi masa bayani. Dattawan ikkilisiya uku suna tsaye a kansa. Ɗayansu ya tambayi ma'aikaciyar jinya ko ba sauran likita na gaske a asibitin.

Baba ya dube ni, gumi na zuba, ya ce, "Shekara talatin ina dattijon ikkilisiya. Ba zan kwanta tsirara gaban mace ba, balle wadda ɗana zai aura."

Na ce masa ba zai kai Juma'a ba. Na ce a rufe shi da mayafi, a rufe fuskata ma in ana so. Na roƙi mahaifiyarka, ta kawar da kai.

Ranar Laraba da la'asar ya kira ni. Na zaci ya sauya shawara, har na yi wa ma'aikaciyar alama da ido. Sai ya kama hannuna ya ce, "Gye-ok, 'yata, yi mini addu'a. Wannan kam ba a hana mace ba." Na yi. Da hannun da zai iya cetonsa na riƙe nasa har ya yi sanyi.

Ban yi kuka ba, masoyina. Har yau ban yi ba. Ina cin shinkafata, ina zagaya marasa lafiya, ina buɗe baki a coci tare da masu waƙa. Ina hawayen suka shiga? Ina Ubangijin da na yi wa alkawarin wannan aiki ya tsaya a ranar?

Ka tuna safiyar da ka raka ni tashar jirgin ƙasa zan tafi karatu? Ka sa mini gasasshen dankali mai zafi a aljihu biyu, ka ce hannuwan likita ba su da izinin jin sanyi. Ka yi ta gudu gefen jirgin har hularka ta faɗi. A duk garin nan kai kaɗai ne ba ka yi mini dariya ba.

Jiya mahaifiyarka ta aiko. Ta ce in ajiye farar rigar likita kafin bikinmu, in ba haka ba a fasa. Ta ce da likita namiji ne a asibitin, da mijinta na raye. A nan ba ta yi ƙarya ba.

Ba zan ajiye ba. Ina gaya maka da kaina don kada ka ji a bakin wani. Kada ka zaɓa tsakanina da ita cikin makoki. Ka dawo in hanya ta buɗe, ka ziyarci kabarin, ka zauna da ita, sannan ka zo ka dube ni. In ka iya kallon hannuwan nan ba ka tsane su ba, naka ne. In ba ka iya ba, ba zan miƙa su ga wani namiji ba har a binne ni.

Taka a gaban Almasihu, ko ka zo ko ba ka zo ba,

Gye-ok