Abin Da Na Cire Daga Jakar Kekenka

Zuwa ga mahaifina, Malam Idi mai keke,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana kwance cikin rahamar Ubangiji. Umma tana lafiya, tana nan tana aikinta na shara a makarantar 'yan mata. Ni ma lafiya lau. Da Hausa nake rubuto maka, duk da Larabci ya fi zo mini a hannu, don na san ba ka so in ce "saikal" maimakon keke a gabanka. In na yi kuskure ka yi haƙuri. Na san wasu za su karanta, kuma ina jin kunya, amma ba zan iya faɗar wannan da baki ba.

Baba, gobe Juma'a bayan sallar asuba za mu tafi. Tafiyar nan ce da ka yi ta yi mini alkawari: daga unguwarmu Manfuha mu bi kwarin Wadi Hanifa har tafkin Ha'ir, mu kwana ɗaya a tanti mu dawo. Ka ce sai na gama firamare. Na gama, kai kuma ciwon ƙirji bai bar ka ka gani ba. Wata goma ke nan da rasuwarka. Kawu Sani, ƙanen Umma, shi ya ce zai cika maka alkawarin. Umma ta daɗe tana cewa a'a. Da aka bar mata suka fara tuƙa mota a ƙasar nan, sai Kawu ya dinga yi mata tsiya har ta ce to.

Da kekenka zan tafi, wanda kake kai wa mutane kayan bakala, wato kantin unguwa, da shi, wanda ka koya mini a kai ranakun Juma'a da yamma, kana riƙe da sirdi kana gudu a bayana. Kawu ya sauke sirdin daidai tsayina, ya sa wa sarƙa mai. Jakunkunan nan biyu da ka ɗinka da buhun shinkafa suna nan a kariyar bayan keken, zif ɗin ɗaya ne kawai ya lalace.

Sharaɗi ɗaya Kawu ya sa mini. Ya ce in haɗa kayana da kaina, sannan in hau tudun da ke bayan masallacinmu da su ba tare da ƙafata ta taɓa ƙasa ba. In ban iya ba, babu tafiya bana, don hanyar ta fi wannan tudun wuya, kuma ba zai iya ɗaukar kayan mutum biyu ba.

Ya ba ni takardar abin da zan ɗauka. Ruwa lita shida, burodin kubus, dabino, gwangwanin kifi, siririn bargo, darduma, tocila, famfon taya, tiyub ɗaya, faci da sholisho, da roba ta ɗaure gefen abaya kada sarƙa ta kama. Na karanta na ajiye.

Sai na shiga ɗakinku. Na ɗauko farwarka daga ƙusar bayan ƙofa, wannan babbar rigar sanyi mai gashin tunkiya a ciki. Har yanzu tana ƙanshin turarenka da man keke. Ita kaɗai ta cinye jaka guda. Na ɗauko butar shayinka da ƙananan kofuna biyu, da rediyon da kake jin labaran gida, da akwatin kayan gyaranka gaba ɗaya. Da wuri ya ƙare sai na cire ruwan, na bar kwalba ɗaya. A raina na ce ai ko'ina akwai bakala, ko'ina akwai na'urar ruwan sanyi a bakin masallaci. Ban taɓa zuwa inda babu ba, Baba. A nan aka haife ni.

Jiya Laraba da la'asar na gwada tudun. Ban kai rabi ba keken ya fara rawa, gaban yana ɗagawa. Na tsaya a kan feda da duk ƙarfina, sai ya kwanta da ni. Butar ta fito tana gangarawa tana ƙara har ƙofar shagon Bayamanen nan mai gasa burodi. Ya ɗauko ya miƙo mini, bai yi dariya ba, ya dai ce Allah ya ji ƙanka. Ya gane butar. Da ƙasa za ta buɗe da na shige.

Kawu ya zazzage jakunkunan a kan tabarma a tsakar gida. Ba zan manta abin da ya ce ba: "Hajara, kwana ɗaya za mu yi ko kagon kaya za ki aika gida Funtuwa?" Da ya ɗaga farwar ya ga ta wane ce, sai ya daina wasa. Ya ce bayan gonakin dabino babu shago, babu famfo, kuma ruwan tafkin ba na sha ba ne. Ya ce sauran gwaji ɗaya, yau Alhamis.

Na tuna abin da kake cewa in masu bakala suka cika maka kariya da galan-galan: "Keke ba jaki ba ne, Uwata. Abin da kika ɗora masa, ƙafarki kika ɗora wa." Na tuna, amma ban yarda ba. Na ce ko da zan fasa tafiyar, ba zan bar farwar ba. Ranar da aka fita da kai, maza ne suka raka ka makabarta, mu muka zauna. Ban san inda kake kwance ba. So nake ko sau ɗaya in fita tare da kai.

Da na shiga ɗaki zan ajiye tocila, sai na ga ƙusar bayan ƙofa. Umma ta rataya tsohon tawul a wurin. Ba ta taɓa rataya komai a nan ba, ƙusarka ce. Sai na lura ba ta dafa shayin yamma ba, alhali akwai wata buta a kicin. Tana zaune a bakin gado tana ɗinke zif ɗin jakar da ya lalace.

Baba, ban tambaye ta ba kafin in kwashe. Ina ta tunanin yadda zan tafi da kai, ban yi tunanin cewa fitar da kai nake yi daga gidan ba, in bar ta da bango.

Na cire tawul ɗin na mayar da farwar. Na wanke butar, na ɗora a wuta. Ta lotsa kaɗan a gefe, ka yafe mini. Rediyon na mayar kan taga. A akwatin gyara na ɗauki sifana ɗaya tak, mai lamba goma sha biyar, wadda ka naɗe hannunta da baƙin salatif har yatsanka ya yi gurbi a jiki. Kawu ya ce dama ita ce ke kwance taya, saura duk kaya ne. Matarsa ta aro mini suwaita. Ruwan ya koma wurinsa, uku nan uku can, don keken ya daidaita.

Ɗazu da la'asar na koma tudun. Na ɗaure abayata, na yi bisimilla, na taka. Na hau har sama ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Kawu yana ƙasa yana ɗaga hannu yana kabbara. Ni kuwa da na kai sai na riƙe birki na fashe da kuka, don keken ya yi sauƙi ƙwarai, Baba. Ban so ya yi sauƙi haka ba.

Ya Allah ka gafarta wa Babana. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sanya duk gumin da ya zubar a titunan garin nan saboda mu a ma'auninsa na alheri. Ka sanyaya zuciyar Umma a daren da ba na nan. Ka kai mu lafiya ka dawo da mu lafiya, ka haɗa mu da shi a Aljanna Firdausi. Amin.

Ni ce 'yarka mai sunan mahaifiyarka,
Hajara