Tsohuwar Kwamfuta da Ɗakin Jariri

Gwaggo, don Allah ki ba ni shawara. Ba wata masifa ce ta same ni ba, alhamdu lillahi, abu ne ƙarami amma ya tsaya mini a rai.

Sana'ata rubuta manhaja. Akwai wata da na yi mai sarrafa injin yi wa tufafi ado, teloli suna sauke ta kyauta. Kwamfutoci kuwa ƙwaƙwalwarsu ba iri ɗaya ba ce, abin da aka haɗa wa wannan ba zai tashi a kan waccan ba. Don haka duk gyaran da na yi sai na haɗa ta kashi uku, kowane iri da nasa. Abokan aiki suna yi mini dariya, wai in sa kwamfuta ɗaya ta kwaikwayi sauran. Na taɓa gwadawa, komai ya tafi lafiya lau, da aka sa a ta gaske sai allura ta riƙa zane a gefen riga. Tun daga nan sai na gani da idona.

Shi ya sa nake da kwamfutoci uku a ƙaramin ɗakinmu. Biyu ba ruwansu. Ta ukun tsohuwa ce tukuf, fankarta kamar injin niƙa, ga zafi. To, matata tana da juna biyu, murna kamar me, kuma ɗakin take so saboda jariri. Ba ta yi faɗa ba, labule kawai ta saya ta ajiye a kan tsohuwar.

Sai in daina haɗa wa irinta, ko ba haka ba? Matsalar, mutum ɗaya na sani da yake amfani da irinta: Kawuna tela, wanda ya riƙe ni, kuma saboda shi na fara rubuta manhajar. Bai ma san ana wani haɗawa ba, shi dai yana latsawa tana aiki. Kunya nake ji in yar da shi.

Mai Kwamfuta Uku

Ɗana Mai Kwamfuta Uku, barka da arziki tun kafin ya iso.

Matarka tana da gaskiya, jariri ba zai yi barci kusa da injin niƙa ba, kuma wannan labulen magana ce, ka ji ta. Kai ma kana da gaskiya, wanda allura ta taɓa ba shi kunya ba a ce ya cika tsoro. Inda ka kuskure shi ne ka ɗauka zaɓi ne tsakanin ɗanka da kawunka.

Biyun nan marasa ƙara su koma falo. Tsohuwar kuwa ka ɗauke ta ka kai shagon Kawu. Can ƙararta ba za ta dami kowa ba, ga injin gaske ka yi gwajinka a kan ƙyalle, in kwamfutarsa ta mutu kuma ga madadi. Na san za ka ce sai ka haɗa ta da intanet ka riƙa aiki daga gida. Kada ka soma. Duk gyara ka taka da ƙafarka, ka zauna a bencinsa, ka faɗa masa abin da ka daɗe kana yi dominsa. Ina kyautata zaton ya fi kewarka a kan sabon gyara.

Allah Ya sauke ta lafiya. Je ka rataya labule.

Gwaggonku