Iya da Tsintsiyarta a Bangon Mujalla

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ƙafar autarki ta warke kuwa?

Raina a ɓace yake, Yaya. Kin san mujallar waƙa da malaminmu na ajin yamma ya ce mu fitar. Ni aka ɗora wa zaɓen wurin ɗaukar hoton bango, amma shugaban aji, wanda muke kira Mai Tabarau, ya ja mu lambun wani otal. Mawaƙanmu suka tsaya ƙiƙam gaban furanni kamar masu hoton fasfo, makaɗin ya rungume ganga kamar jaririn maƙwabta. Na ce a koma matattakalar tsohon benen da suke gwaji, inda murya ke hawa ta dawo. Ya kwashe da dariya, wai hoto ba ya ɗaukar amo, wai me wanda ya koyi karatu a tsofaffin jaridun ƙunshin kaya ya sani. Abin da na mayar masa ba zai rubutu ba.

Malam ya yanke hukunci: a gwada nawa, in bai yi ba a cire sunana daga mujallar. Ni kuwa ban taɓa ganin sunana a buge ba. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Barkono

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa irin ta mai farin ciki. Ina fata kowa lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Ranar ɗauka na hana kowa gyara tsayuwa. Na ce su buga da gaske, su manta da mu. Mai hotonmu ta kwanta a matakin ƙasa tana kallon sama. Ganga na tashi, benen ya amsa, fuskokin nan da suka daskare a otal suka narke. Sai ga Iya, tsohuwar da ke zaune a hawan ƙarshe na benen, ta sauko a fusace da tsintsiya, ta leƙo ta kan ƙarfen matattakala tana zazzaga mana masifa. Na ɗaga kai na ce mata muryarta ta fi lasifikarmu, ta zo mu ɗauke ta aiki. Daidai nan aka ɗauki hoton.

Yaya, sai kin gani! Mawaƙa a ƙasa baki buɗe, Iya a sama baki buɗe, tsintsiya a ɗage kamar ita ke ba su umarni. Malam ya daɗe yana kallo, ya ce ya yi, amma ba a buga fuskar mutum sai da yardarsa. Mai Tabarau har da tafi, don a kunnensa na tsokani Iya, gani yake ba za ta yarda ba.

Na hau benen nan kamar mai zuwa wurin cire haƙori. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da tsaki. Na miƙa hoton, na danne harshena da haƙora. Ta kai shi bakin taga ta ƙura masa ido. Can ta ce ɗanta ya matsa sai ya kwashe ta zuwa gidansa, wai ƙafafunta ba sa iya bene. To a buga, in ji ta, a kuma ƙara masa girma, a kawo mata ɗaya ta aika masa ya ga mai ciwon ƙafa. Ta ƙara da cewa bakina na bukatar wanki da sabulu, sannan ta ba ni ruwa.

Mujalla ta fito, ga taki nan na haɗo. Ki buɗe shafin farko, can ƙasa ta dama. Haruffan ƙanana ne, amma Mai Tabarau ne ya buga su da hannunsa, ina tsaye a kansa.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki mai suna a mujalla,
Barkono